Ingila: Ƙasar da Kare Ke Zuwa Dubiya

A kudancin kogin Tems a birnin Landan, a unguwar Battersea, akwai wani gida da ya girmi ƙasar Najeriya da fiye da shekara hamsin, mazaunansa kuwa karnuka ne da kyanwoyi. Wata mata mai suna Mary Tealby ce ta kafa shi a 1860, lokacin Abdullahi Maje Karofi yana kan gadon sarautar Kano. A wata bargar dawaki ta fara, a unguwar Holloway, tana tsinto karnukan da yunwa ta kayar a titi tana jinyarsu. Jaridar Times ta yi mata ba'a, ta ce ina dalilin yi wa kare masauki alhali ga 'yan Adam na kwana a waje. Ba'ar ba ta hana komai ba. A 1871 gidan ya koma inda yake a yau, a 1883 ya fara karɓar kyanwoyi. Magen nan Larry da ke kai-komo a ƙofar fadar Firayim Minista tun 2011 daga nan aka ɗauko shi, haka ma Sarauniya Camilla daga nan ta ɗauki karnuka biyu ta riƙe.

Duk wannan na taɓa jin irinsa tun ina gida, kuma na sa shi a jerin abubuwan da Turawa ke yi don sun ƙoshi. Abin da ban taɓa ji ba, sai da karatu ya kai ni garin Lesta, shi ne cewa karen da aka yasar ana iya gyara shi, a yi masa jarrabawa, a sa masa riga, a tura shi gidan tsofaffi da asibiti da makaranta ya yi aiki.

Maƙwabciyata ce silar shigata wannan harka. Dattijuwa ce, malamar jinya mai ritaya, gwiwa ta fara ba ta matsala. Na taya ta ɗora buhunan abincin kare a bayan mota wata Asabar, sai ta ce in ba ni da abin yi in raka ta in sauke mata. Rakiyar nan ce ta zame mini aikin sa kai. Da na ba wa mahaifiyata labari a waya, sai da ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Ɗan nan, karatu aka tura ka ko kiwon kare?" Na ce, "Inna, dattijuwa nake taimako." Ta ce, "To Allah Ya ba da lada, amma ka riƙa wanke hannu."

Gidan karnukan da muke zuwa ƙarami ne, a bayan gari, tsakanin gonaki. Haushi ne ke fara tarbar mutum tun daga ƙofa, sai warin maganin wanke daɓe. Kowane kare da ɗakinsa, da shimfiɗarsa, da fitilar ɗumi a lokacin hunturu. A ƙofar kowane ɗaki an liƙa kati: sunansa, shekarunsa, abin da yake ci, maganin da yake sha, da halinsa. Wani an rubuta yana tsoron maza masu hula. Wani ba ya son a taɓa masa ƙafar baya. Wani ba a haɗa shi da yara. Na tsaya ina karanta katunan nan ina jinjina kai, don akwai wanda ya zauna ya lura da dabbar nan har ya gano abin da ke firgita ta.

Hanyar da kare ke bi ya iso nan a tsare take. In an tsinci kare yana yawo ba mai shi, ma'aikacin ƙaramar hukuma ne ke kama shi. Abu na farko, sai ya goga masa wata na'ura a doron wuya. Tun watan Afrilu na 2016 doka ta wajabta a dasa wa kowane kare wata 'yar ƙanƙanuwar na'ura a ƙarƙashin fata, tsawonta bai fi santimita ɗaya da 'yan kai ba, mai ɗauke da lambar da za ta kai ga sunan mai shi da adireshinsa. In an samu mai shi, ya biya tara ya karɓi abinsa. In ba a samu ba, hukuma ta riƙe karen kwana 7, daga nan ta miƙa shi ga irin gidajen nan. Da yawa kuma masu su ne ke kawo su da hannunsu: tsoho ya rasu ba wanda zai gaji karensa, aure ya mutu, sabon mai gidan haya ya ce ba ya son dabba, ko tsadar abinci da kuɗin likita sun fi ƙarfin aljihu. Akwai waɗanda aka saya wa yara a matsayin kyautar Kirsimeti, bayan wata biyu marmari ya wuce. Wannan ɗabi'a ta daɗe, har ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust, wadda aka kafa a 1891, ta fito da wani take a 1978 tana tunatar da jama'a cewa riƙon kare alkawari ne na tsawon rayuwarsa.

Mai son ɗaukar kare daga gidan ba ya zuwa ya nuna da yatsa ya tafi da shi. Sai ya cike takarda, a tambaye shi awa nawa yake yi a wajen aiki, wa zai zauna da karen, akwai yara, akwai kyanwa. A je a duba gidansa, a auna tsayin shingen bayan gida. Na ga mutum da motarsa mai tsada an ce masa a'a, ya juya ya tafi ba gardama.

Mu 'yan sa kai aikinmu shi ne wanda ba wanda ke ɗaukar hotonsa: wanke ɗakuna, sauya shimfiɗa, auna abinci, fita da karnuka yawo ko da ruwa ake tsugawa. Kowa da 'yan ledoji a aljihu, domin in kare ya yi kashi a hanya, wanda ke riƙe da igiya shi zai sunkuya ya kwashe; in ya ƙi, tarar na iya kaiwa fam 1,000 in an je kotu. Aikin da ya fi ba ni mamaki shi ne na zama. Karen da ya sha duka a baya yakan maƙale a lungu yana karkarwa. Sai a ce ka shiga da kujera da littafi, ka zauna ka ba shi gefe, kada ka dube shi, ka yi ta karatu a bayyane da murya ƙasa-ƙasa. Ni littattafan kwas ɗina nake karanta musu. Yau yana lungu, wani makon ya matso rabin ɗaki, wata rana sai ka ji sanyin hanci a idon sawunka.

Karen maƙwabciyata, Jak, daga wannan gida ta ɗauke shi. Irin karnukan tsere ne, dogo, siriri, mai faffaɗan ƙirji da lafaffen ciki. In ka gan shi daga nesa ka ce karen farautar ƙauyukanmu ne aka yi wa wanka aka ba shi ƙoshi. A Ingila ana tseren karnuka ana caca a kai, irinsu Jak kuwa gudunsu kan haura kilomita 60 a awa. Da sun kai shekara huɗu ko biyar, ko sun ji ciwo a ƙafa, an gama da su. Ta ɗaga mini kunnensa ta nuna mini wasu haruffa da lambobi da aka zana da tawada a fatar ciki, shaidar rajistarsa ta filin tsere. Ta ce ranar da ta kawo shi gida bai san matakala ba, bai san ƙofar gilashi ba, sai da ya buga goshi. Keji da filin gudu kaɗai ya sani.

Kafin a bar shi ya shiga cikin marasa lafiya sai da ya ci jarrabawa. Ƙungiyar da ta fi shahara da wannan aiki ita ce Pets As Therapy, wadda Lesley Scott-Ordish ta kafa a 1983. Ba ta da karnuka nata. Mutane ne ke zuwa da nasu. Sharaɗi ne kare ya kai wata 9 da haihuwa, ya yi aƙalla wata 6 a hannun mai shi, an yi masa rigakafi. Mai jarrabawa zai shafa shi daga kai har wutsiya, ya kama kunne, ya ɗaga ƙafa, ya miƙa masa abinci ya ga ko zai karɓa a hankali ko zai fizga, ya yar da wani abu mai ƙara a bayansa ya ga yadda zai yi. Wanda ya yi tsalle kan mutum ko ya ja igiya, sai ya koma gida a ƙara horo. Mai karen ma ana neman masu tsaya masa shaida, wuraren da ake ziyarta kuma kan nemi takardar binciken da ke nuna mutum ba shi da tabon laifi. Wanda ya ci, sai a ba shi riga ko ƙyalle mai ruwan ɗorawa.

Gidan tsofaffin da muke kai Jak ziyara tsaf yake, da ɗumi, da abinci a kan lokaci, da ma'aikata dare da rana. Amma falon shiru. Kujeru a jere jikin bango, talabijin na ta magana shi kaɗai, kowa ya zuba ido a gabansa. Ma'aikatan da yawa 'yan Afirka ne. Wata daga cikinsu, 'yar Jos, ta ji ina amsa waya da Hausa, sai ta riƙe baki ta ce, "Ɗan'uwa, kai ma sun sa ka a layin karnuka?" Ita ce ta riƙa raɗa mini wa ke samun baƙi, wa kuma rabonsa da ganin nasa tun bara. Sunan yanka ake kiran tsofaffin da shi, gatsal, har yarinyar da ba ta kai jikarsu ba. Ni bakina ya kasa. Sai na riƙa sakaya kowa da ranka ya daɗe irin nasu.

Akwai wata tsohuwa da ke zama kusa da taga. Ta yi ƙuruciyarta a masaƙar safa, sana'ar da aka san Lesta da ita a da. Ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, ba ta gane ma'aikatan da ke yi mata wanka kullum, takan wuni ba ta ce uffan ba. Ɗanta ɗaya, yana Ostareliya. Jak ba ya rawar jiki. Takawa yake a hankali, ya tsaya gefen kujerarta, tsayinsa daidai da hannun kujera, ya ɗora doguwar haɓarsa a cinyarta ya lumshe ido. Hannunta na dama a dunƙule yake saboda ciwon gaɓɓai. Sai ka ga yatsun suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya, suna neman bayan kunnensa. Can sai ta fara magana, da karen take yi, ba da mu ba. Tana ba shi labarin mahaifinta da yadda yake kai ta kallon tsere ranar Asabar da dare, da sunan karen da ya taɓa ci musu kuɗi har suka sayi rediyo. Wadda ba ta san ko ta karya kumallo ba, ga ta tana faɗin launin rigar da ta sa shekara saba'in da suka wuce. Mutuniyar Jos ta ce ranar da Jak ya zo, tsohuwar takan ci abincin dare ba a lallashe ta ba.

Aikin yana da ƙa'idoji. Ba a kai kare wurin kowa sai an tambaye shi, wanda ya ce a'a a wuce. Kowa ya taɓa shi a ba shi maganin goge hannu. Shi ma karen ana lura da shi: in ya fara hamma a jere, yana lasar leɓe, yana kau da kai, to ya gaji, ziyara ta ƙare ko da saura mutum biyar ke jira. Maƙwabciyata takan ce wanda ya taɓa gudu don aljihun wani ba za ta bari a sake ƙure shi ba.

A makarantar firamare kuma wani salon ne. Ana kiran shirin Read2Dogs, asalinsa daga Amurka ne, inda aka fara irinsa a birnin Salt Lake a 1999. Yaron da karatu ke ba wa wuya, ko mai in'ina, ko mai kunyar aji, shi ake warewa ya zo ɗakin karatu ya zauna a kan darduma ya karanta wa kare littafi. Hikimar a fili take: kare ba ya dariya, ba ya gyara, ba ya gaggawa. Na ga wani yaro da malamarsa ta ce ba ya ɗaga murya a aji, ya dafa bayan Jak da hannu ɗaya, yana bin layi da yatsan ɗaya hannun. In ya cije a kalma, maƙwabciyata ba ta ce masa ya yi kuskure, sai ta ce, "Ina jin Jak bai gane wannan ba, maimaita masa." Yaron ya maimaita, har ya juya littafin ya nuna wa karen hoto.

Lesta gari ne mai tarin Musulmi, 'yan asalin Indiya da Pakistan da Somaliya, don haka makaranta kan aika wa iyaye takardar neman izini, wasu su sa hannu, wasu su ƙi, kuma ba a matsa wa kowa. Wata yarinya Basomaliya takan tsaya bakin ƙofa tana leƙe. Da ta ji sunana sai ta ce, "Kawu, kai Musulmi ne kake taɓa shi?" Tambayarta tana da tushe. Mutanen Somaliya Shafi'awa ne, a wurinsu kare najasa ce mai nauyi. Mu da muka tashi a kan mazhabar Imamu Malik, malamanmu sun karantar da mu cewa kare mai rai jikinsa da yawunsa masu tsarki ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki kuwa bin umarni ne. Duk da haka hadisi ya yi gargaɗi a kan ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, shi ya sa ban taɓa shigar da shi ɗakina ba, kuma tufafin aikin daban na ware su. Na ce mata ta bi abin da iyayenta suka koya mata, ta zauna daga inda take ta karanta, kunnen Jak yana ji daga nesa. Haka ta yi. A garin nan ne ma, a 2008, wani masallaci ya amince wani matashi makaho ya riƙa zuwa da karen da ke yi masa jagora, aka ware wa karen wurin jira a wajen mashiga, bayan shawara da Majalisar Musulmin Birtaniya.

Masana sun daɗe suna bin diddigin abin. Tun 1796, a wani gidan jinyar masu taɓin hankali da William Tuke ya buɗe a garin Yok, ana barin ƙananan dabbobi a farfajiya don marasa lafiya su riƙa kula da su. A farkon shekarun 1960 wani likitan halayyar yara a Amurka, Boris Levinson, ya ba da rahoton yadda wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karen likitan, Jingles. Abokan aikinsa da yawa dariya suka yi masa. A 1980 Erika Friedmann ta bi masu ciwon zuciya shekara guda bayan an sallame su, ta tarar masu dabba a gida sun fi yawa a cikin waɗanda suka rayu. A 2015 masu bincike a Japan suka nuna cewa in kare da mai shi suka daɗe suna kallon juna, sinadarin oksitosin, wanda ke ƙulla shaƙuwar uwa da jariri, yana ƙaruwa a jikin su biyun. Ba wanda ya ce kare na warkar da mantuwa. Abin da yake yi shi ne ya kwantar da hankali, ya buɗe baki, ya ba ma'aikaci ƙofar shiga.

Aikin ya wuce tsofaffi da yara. A Sikotlan, a gidan yarin matasa na Polmont, tun 2011 wani shiri mai suna Paws for Progress ke haɗa matasan da aka ɗaure da karnukan da aka yasar. Matasan su koya wa karnukan ladabi don su samu masu ɗauka, su kuma su koyi haƙuri da haɗiye fushi, don kare ba ya koyo da tsawa. Ƙungiyar StreetVet, wadda wasu likitocin dabbobi biyu suka faro a 2016, tana bin marasa matsuguni a titi tana duba karnukansu kyauta, domin da yawansu sun gwammace su kwana a sanyi da su karɓi masaukin da zai raba su da karensu. Dogs Trust kuma tun 2004 tana karɓar riƙon karnukan matan da ke gudun dukan miji, saboda an lura wasu na ƙin fita don tsoron abin da za a yi wa dabbar a bayansu.

Kada mai karatu ya ɗauka komai zuma ne. Karnuka na cizon mutane a can, har da kisa, abin da ya sa daga Fabrairun 2024 aka haramta riƙe nau'in XL Bully a Ingila da Wels sai da takardar izini. Babban abin kuma shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar Jak tun farko. Kusan kashi 30 cikin 100 na gidajen Birtaniya mutum ɗaya ne rak a ciki. Kaɗaici ya kai matsayin da a 2018 gwamnati ta naɗa minista ta musamman a kansa. Duk sanda na ga tsohuwar nan tana zuba wa kare labarin mahaifinta, nakan ji daɗi in kuma ji wani abu ya tokare ni, don jikokinta ne ya kamata su ji labarin nan.

Tsoron da muke yi wa kare a gida shi ma yana da hujja. Birtaniya ta rabu da ciwon haukan kare tun 1922, shi ya sa uwa ke barin ɗanta ya rungumi karen da bai sani ba. Ciwon nan har yau yana kashe mutane kimanin 59,000 duk shekara a duniya, galibinsu a Afirka da Asiya, yara ne kaso mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwarsa na tsayawa. Wato tazarar da ke tsakanin karensu da namu allura ce da kulawa.

Ba na kiran kowa ya sa kare a ɗaki, kuma tsofaffinmu, alhamdu lillahi, har yanzu jikoki ke zagaye da su. Amma tausayin dabba ba sai mun aro daga Landan ba. Mu ne aka ba wa labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Mai karen gadi, da mafarauci, da makiyayi, ku kai karnukanku asibitin dabbobi a yi musu rigakafi duk shekara, ku ba su ruwa da inuwa. Iyaye, ku hana yara jifan kare don wasa. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Wanda kuma yake da tsoho a gida ko a ƙauye, ya je da ƙafarsa ya zauna ya saurare shi tun yana da rai.